Ramukan da Aka Cike a Bakin Rafi

A wani daji mai rafi guda ɗaya tak, an yi wata beguwa ana ce mata Kyallu. 'Ya'yanta huɗu. A rani ɗaya ciwon ciki ya kashe uku, saura autan, Tunau.

Kyallu ba ta yi karatu ba, amma tana da ido. Ta lura duk ƙananan dabbobin da ke sha a kududdufin da ya rage, inda ɓauna ke birgima, cikinsu na murɗawa. Gafiyoyi kuwa, masu tona yashi a ɓoye su sha ruwan da ya tsatso, ko ɗaya ba ta kwanta ba. Ta gwada a jikinta, kwana bakwai nan, kwana bakwai can, cikinta ya ba ta amsa. Daga nan ramin da gafiyoyi suka tona take kai Tunau ya sha.

Sai dai tun shekarar da wani ɓauna ya karye a rami aka hana tono a bakin rafi. Kyallu ta kasa haɗiye abin da ta gani, ga 'ya'yan maƙwabta na mutuwa. Ta tafi majalisa ta durƙusa gaban Giwa, sarkin dajin.

“Ranka ya daɗe, ni ban san komai ba sai binne 'ya'ya. Amma yashi yana wanke ruwa. A bar mu mu tona. Ɗaya ya rage mini.”

Giwa ya yi mata ta'aziyya mai tsawo, sannan ya dubi Kunkuru, masanin majalisa. Kunkuru ya miƙo wuya a hankali.

“Baiwar Allah, maganarki abar dubawa ce. Amma rani ɗaya ba ya zama hujja, gawa uku kuma sun yi kaɗan. Ko iska ce, ko gado ne. A ba mu rani biyu mu ƙirga masu mutuwa.”

Ɓauna dai, ɗaya daga cikin 'yan majalisar, abu ɗaya ya ji cikin zancen. Ya tambaya, wato gafiyoyi na tono ke nan? Majalisa ta ce bincike na bukatar lokaci, amma doka ba ta jira. Kafin la'asar an cike ramukan, an girke kuraye a kan yashi.

Kwana uku Kyallu tana ba Tunau saiwa yana tsotsa. A na huɗu harshensa ya bushe, kuka ma ya gagara. Ta kai shi kududdufi da kanta, ta juya baya har ya gama sha.

Bayan rani biyu Kunkuru ya kawo sakamako: lallai yashi yana tace ruwa, an kuma samu gawawwaki isassu da suka tabbatar da haka. Aka soke dokar, aka haƙa rijiyoyi goma, Ɓauna ne ma ya fara kafta ƙasa da ƙahonsa. Giwa ya ce ranar buɗewa a gayyaci Kyallu da iyalinta, a tanadar musu wuri a gaba.

Dila da aka aika ya dawo ya ce wurin zama ɗaya ya isa.