Ranar da Na Binne Rijiyarmu da Baki

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da sauran haƙoran nan nawa za su zube, da wata Laraba a shekarar da ake ta shirin karɓar mulkin kai. Lokacin muna zaune a Ƙofar Taramniya, ina sayar da kunun zaƙi daga cikin gida. Ni ba mai fita ba ce, amma kunnena yana fita. Duk abin da aka faɗa a zaure, kafin maigida ya shigo na riga na haddace shi.

An kafa mana famfo a unguwa, kowane gida yana biyan kuɗin ruwa. Sai ga shi tsakiyar bazara ya ɗauke, kwana tara cur. In an murɗa shi sai ya yi huci ya yi shiru. Mu abin bai taɓa mu ba, don muna da rijiya a tsakar gida tun zamanin kakan maigida. Wadda ta ji jiki ita ce maƙwabciyata Inna Kulu, tsohuwa mai masa, da ke riƙon jikoki marayu uku. Ba ta da rijiya, ba ta da ƙarfin sayen ruwa wurin 'yan garuwa. Kullum da safe ni ke miƙa mata tulu biyu ta kan katanga.

To, sai kunnen nan nawa ya jiyo cewa Malam Ummaru, wakilin unguwarmu a majalisar gari, zai kai magana: in ruwa ya ɗauke wa mutanen da ke biya, a biya su diyya, magidanta da masu ƙaramar sana'a. Wai yana bi gida-gida da ƙafarsa yana rubuta hasarar kowa. Ba a ma yi dokar ba, amma ni har na zaɓi zanen da zan saya (shuɗi ne, mai ganye-ganye).

Da hantsin Larabar nan Malam Ummaru ya yi sallama. Kamar yadda aka saba, kafin baƙo ya gama zama na cika kwanon sha da ruwan randa mai sanyi, na rufe da faifai, na miƙa wa maigida. Wannan hannuna ne ya yi da kansa, bai shawarci bakina ba. Sannan na tsaya bayan asabari muka gaisa.

"Uwargida, ya kunka ji da rashin ruwa?" in ji shi.

Maigida ya buɗe baki zai amsa, na riga shi.

"Ranka shi daɗe, sai dai haƙuri. Kwana tara ko ɗigo babu gidan ga. Gero ya lalace, ciniki ya tsaya, yara ko wanka ba su yi ba. Taimama muke yi."

(Taimama fa na ce. Allah Ya yafe mini.)

Na ji maigida ya yi wani tari wanda ba na mura ba. Shi kuwa Malam Ummaru ina hangensa ta tsakanin asabari, ya ɗaga kwanon nan ya shanye tas, ya yi hamdala, ya ajiye a hankali.

"Ruwan ga akwai daɗi," ya ce. "Na rijiyakku ne ko? Yanzu na hito gidan Inna Kulu. Ta ce da ba don ke da rijiyag ga ba, da jikokinta sun kwana da yunwa. Har ta sa na yi miki addu'a kahin in tashi."

Jama'a, na nemi ƙasa ta tsage, ta ƙi.

Bai yi dariya ba, bai kuma ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Ɗiyata, akwai waɗanda ka jiran su ga ƙarya guda cikin takardag ga su yage ta duka. In sunka ishe rijiya inda anka ce babu ruwa, ba ke za ki rasa ba. Inna Kulu za ta rasa." Sai ya dubi maigida. "Kak ka yi mata hwaɗa. Kukan unguwa ta ara, ta yi shi da ƙarhi." Ya zaro alƙalami yana rubutu yana faɗi don in ji: "Gidan ga ba su yi hasara ba. Su ne sunka shayar da maƙwabta."

Ka ji mutum. Ya tsare takardarsa, ya rufa mini asiri, duk a zama ɗaya. Na ji an ce ya tsaya gaban manya ya karanta ta, aka nemi inda za a kama shi aka rasa. An daɗe ana kai-kawo a kan maganar, inda ta kwana kuwa masu boko suka sani.

Maigida bai yi mini faɗa ba. Gara ma da ya yi. Wata guda, duk lokacin salla sai ya leƙo ya ce, "A taimaka mini da ruwan alwala, in akwai."

Tun daga ranar na bar tsawaita kuka gaban baƙo. In ma Shaiɗan ya matsa mini, sai na fara tambaya daga wane gida baƙon ya fito.