Rasuwar Ɗan Kwatano, Keken da Bai Taɓa Fita Ƙofar Gida Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafafun da suka wayi gari ba su san abin yi ba, ni Ajuma 'yar Malam Alfari, a madadin gidanmu da matan layinmu na nan Gaya, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar keken motsa jikina, wanda kowa ya sani da Ɗan Kwatano. Ya cika ranar Talata da hantsi, a gindin mangwaron tsakar gida inda ya yi duk zamansa da mu, bayan jinyar da ta cinye damina guda.

Ba mu san shekarunsa ba. Tsoho ya zo mana, fentinsa ya koɗe, sirdinsa da faci. An ce cikin kayan gwanjo ya sauka a Kwatano, ya hau mota har Malanbil, ya ƙetare gulbi a kwale-kwale tsakanin dilolin tufafi, domin a lokacin an riga an rufe gada. Ya fi duk mutanen gidanmu ganin duniya. Amma tun ranar da aka ajiye shi gindin mangwaro bai ƙara matsawa ko taku ɗaya ba, kuma bai taɓa nuna ya yi kewar hanya ba.

Waɗanda ba su san dalilin zuwansa ba ya kamata su sani, don su fahimci girman rashin. Bayan sojoji sun karɓi mulki aka rufe iyaka, biro, ofishin da nake cika wa manyan motoci takardun duwan, wato kwastan, ya kulle ƙofa, na dawo gida da takardar lisansina ta jami'ar Yamai na sa ta ƙasan akwati. A shekarar ce kuma Inna ta faɗi a bakin murhu. Tansiyo ce, hawan jini, ba ta ƙara tashi ba. Na tare a ɗakinta. Masu gaisuwa suna ta kawo abinci, ni kuwa ban iya magana da mutane ba, sai na gano cewa wanda bakinsa ke cike ba a tsammanin amsa daga gare shi. Makoki ya ƙare, cin bai ƙare ba. Gwaggo Tani, yayar Baba, ta yi murna, tana cewa sai yanzu na zama mace. Har ranar da ciwon kai ya kai ni asibiti. Likitar ta ɗaura mini abin awo a dantse, ta duba, ta kwance, ta sake ɗaurawa, sannan ta tambaye ni me ya kashe mahaifiyata.

Ta ce magani kaɗai ba zai isa ba, sai na riƙa motsa jiki. Akwai sal guda, wato ɗakin motsa jiki, da aka buɗe a hanyar Doso. Kuɗin wata ɗaya a can zai ciyar da gidanmu kwanaki masu yawa, rabin injinansu kuma sai da kuran, wato wutar lantarki, a lokacin da kuran ya zama baƙon da ba ya kwana. Duk da haka na je. Na tsaya a ƙofa, na ga maza suna ɗaga ƙarafa, na ga kaina a babban madubinsu, na tambayi mai gadi hanyar farmasi kamar ita nake nema, na komo. Tafiya a ƙasa kyauta ce, na sani. Amma daga ƙofarmu zuwa bakin gulbi akwai fada uku na samari masu shayi, ni kuwa ban taɓa wuce fada ba sai na manta yadda ake ɗaga ƙafa.

Baba ne ya samo mafita. Yana da rago da yake kiwo don layya, wanda yake ba dusa da hannunsa. Wata la'asar ragon ya ɓace daga turke, sai ga Baba ya shigo yana tura amalanke da marigayin a kai. Ya sauke shi, ya share sirdin da hannun rigarsa, ya ce, "Innarki ba ta samu wannan ba. Hau." A Sallar shekarar naman maƙwabta muka ci.

Marigayin mai haƙuri ne. Bai taɓa neman kuran ba, bai taɓa neman mai ba, bai taɓa tambayar ƙarshen wata ba. Ba shi da madubi. Ranar farko da na hau shi ban kai tafasar shayi ba na sauko ina haki ina kuka, washegari ya karɓe ni kamar ba abin da ya faru. Bai taɓa gaya wa kowa ba. Muryarsa guda ce, shuuu, shuuu, da ɗan ƙis a kowane zagaye, kamar mai jan carbi. A kansa na koyi kuka ba tare da an zo lallashi ba, domin wanda ya leƙo zai ɗauka gumi ne. A kansa na koyi sunayen tsuntsayen da ke sauka a mangwaronmu, na san lokacin da inuwa ke barin randa. Sannu a hankali zanen Inna ya koma zagaya ni yadda yake zagaya ta. Likitar ta sake awo, wannan karon sau ɗaya ta ɗaura, ta yi murmushi.

Bai rasa masu zaginsa ba. Gwaggo Tani ta ce a rayuwarta ba ta taɓa ganin mutum ya ba da rago mai ƙafa huɗu ya karɓo keken da ba ya zuwa ko kasuwa ba. Ta ce mutane za su ce yunwa ake bar ni da ita. Tana tsayawa kusa da shi da ƙwaryar fura tana jiran in sauko. Marigayin bai taɓa mayar mata da magana ba. Shuuu, shuuu. Bayan wata biyu na fito daga wanka na same ta a kansa, ta tattare zane, tana kallon sama kamar iska ce ta ɗora ta.

Daga nan labari ya fita. Hajiya Jummai, aminiyar Inna, wadda ita ma likita ya tsoratar, ta zo "gani kawai". Ta kawo Hawwa mai sayar da kopto, kwaɗon zogale. Hawwa ta kawo ƙanwarta da goyo a baya. A garinmu ba a hana maƙwabci aron turmi, ba a hana shi wuta, to da wane baki za a hana shi keken da ke tsaye ba ya komai? Da sun sallami yara lakwal, wato makarantar boko, sai su shigo, su zauna a tabarma suna jiran layi, suna yi wa wadda ke kai tsiya. "Hajiya, kin kai ƙauyen Bana?" "Ina Bana, ko gadar ban hango ba." Tsakar gidan da ta yi shiru tun rasuwar Inna ta koma cike da dariya. Ina daga ƙofar ɗaki ina saurare, wani lokaci har in tanka.

Ciwon ajalinsa daga ƙauna ya fara. Akwai wani maɓalli a wuyansa da ake murɗawa don ƙara nauyin tuƙi. Iyayenmu mata sun san cewa maganin da ba shi da ɗaci ba ya aiki, don haka kowacce ta hau sai ta murɗe shi har ƙarshe, ta miƙe tsaye ta danna da dukan nauyinta, ita da goyonta. Nakan sassauta shi in sun tafi, su ɗaure in sun dawo. Muryarsa ta canza. Shuuu ta koma ƙiii, ƙiii, kamar ƙofar da ke roƙon a bar ta. Gwaggo Tani, wadda ta fi kowa zaginsa, ita ta fi kowa jin tausayinsa. Wata safiya da na je karɓo magani ta buɗe murfinsa ta shafe masa ciki da man kaɗanya, yadda take yi wa gwiwarta in ta yi ƙara. Bel ɗin robar da ke juya ƙafarsa ya sha mai ya saki, ƙasa ta manne masa, ya fara zarewa zare-zare.

An yi iyakar ƙoƙari. Alassan mai gyaran kekuna ya zo har gida ya duba shi, ya ce irin bel ɗin sai Kwatano, gada kuwa ga ta nan a rufe. An ba wani mai kwale-kwale saƙo, ya kawo wanda ya yi gajere. An ɗinke tsohon da zaren kamun kifi, ya ƙara mana makonni. Ranar Talata Hajiya Jummai ce a kansa. Ya yi ƙiii sau biyu, ya yi ƙwas, wani ƙarfe a cikinsa ya karye, ƙafafunta suka juya a banza ba abin da ke riƙe su. Ba wanda ya yi dariya. Ta sauko ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafi. Iyalan marigayin suna sanar da cewa ba su riƙe ta da komai ba, haka ma Gwaggo. Kwanansa ne ya ƙare.

Ya rasu ya bar ni. Ya bar Baba, wanda har yau idan ya wuce turken da ba rago yakan ɗauke kai. Ya bar Gwaggo Tani da ragowar man kaɗanya, da Hajiya Jummai, da Hawwa da ƙanwarta, da jaririn da ba ya barci sai an hau keke da shi. Ya bar rami huɗu a ƙasa gindin mangwaro, inda ƙafafunsa suka zauna, waɗanda ban yarda a share ba. Ya bar mini kuma maganar likita, wadda ba ta mutu tare da shi ba. Sal ɗin hanyar Doso bai rage kuɗi ba, biro bai buɗe ba, kuma babu wani rago. Jiya da rana ciwon kan nan ya leƙo, na san shi, shi ma ya san ni.

Ga yadda aka shirya jana'iza. Ba za a yi salla ba, ƙarfe ne, mun sani. Za a ɗauke shi ranar Asabar da sassafe daga gidan Malam Alfari zuwa rumfar Alassan da ke can bayan fadamun shinkafa, inda za a raba sassansa ga kekuna masu rai. Sirdinsa kaɗai zai zauna a gida. Baba ya ce shi ya turo shi, shi zai tura shi. Gwaggo Tani ta yanke cewa ba a raka gawa a kan kabu-kabu, don haka duk wadda ta taɓa hawansa da ƙafa za ta je, da ƙafa za ta dawo, ta bakin gulbi. Ta ce bayan jana'iza za a sake bin hanyar ranar uku, da ranar bakwai, da kowace safiya har arba'in, wadda ta gaji kuma ta tuna yadda ta murɗe masa wuya. Ba a buƙatar kawo abinci. Wannan roƙo ne na musamman daga gare ni.

Muna roƙon samarin fada ukun da ke kan hanya, in sun ga ayarin mata a bayan amalanke, su yi mana gaisuwa kawai, da Hausa ko da Dandanci, fonda tilas, ta'aziyyarmu ta Dandanci, ta wadatar. An ce mai mamaci ita ke shiga gaba, kuma ni ce mai mamacin. In kun ga kaina a sunkuye, ku ɗauka makoki ne. Ina fata kafin arba'in zan ɗaga shi.

Ajuma Alfari
Gaya