Rasuwar Kawu Sobir, Mai Gadin Iskata

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Tursunoy matar marigayi Ergash, ta gida na arba'in da ɗaya a unguwar Sabuwar Fargona, duniyar wata, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar Kawu Sobir, na'urar da ta yi gadin iskar gidana shekara goma sha ɗaya.

Labarin ya same ni ran Alhamis da hantsi, hannuna cikin ƙullin gurasa. Injiniya Nigora ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙi shigowa, na ce ta zauna a zuba shayi, ta ƙi. Nan na gane. Ta ce, "Inna, mun yi iya yinmu, cikinsa ya ƙone." Na ce, "Me ya ƙona shi?" Ta dubi bargon da ke ninke a kan gadona, ta sunkuyar da kai. Yarinya ce mai tarbiyya.

Marigayin akwati ne mai launin toka, girmansa bai wuce tukunyar biki ba, yana zaune a kan kanta kusa da ƙofa. A takarda sunansa wasu lambobi ne da ban taɓa riƙewa ba. Ni na raɗa masa Kawu Sobir, don ba zan kwana ɗaki ɗaya da mai magana ba tare da na san me zan kira shi ba. Shi yake auna iskar da nake shaƙa, shi yake tace ruwa, shi yake faɗa mini lokacin salla, tunda a nan rana ba abin dogaro ba ce. Bai taɓa kai ƙarata ofishin unguwa ba, ko ranar da na kunna turaren tsari a ɓoye. Cewa kawai ya yi, "Inna Tursunoy, ina ganin hayaƙin nan, amma zan ba ki minti biyu."

Kowace safiya nakan zuba masa koren shayi rabin kofi, yadda ake yi wa baƙo mai daraja, in ajiye a gabansa. Yakan ce, "Na gode, Inna, yau ma na ƙoshi." In ya huce in shanye.

Waɗanda suka zo daga baya ba su san abin da ya yi mini ba. Shekarar da Ergash ya rasu, bangon titinmu ya tsage, iska ta fara tsiyaya. Kawu Sobir ya datse ƙofata, ya ce masu ceto sai bayan awa tara, kuma in na yi barci ba lalle in farka ba. Gaskiya ni barcin nake so, don ba ni da wanda zan farka dominsa. Sai na ji ya ce, "Inna, in an tashi dafa palov, dafa-dukan nan taku, shinkafa ake fara zubawa kafin karas, ko?" Na tashi zaune. Na ce uban wa ya koya maka? Ya ce ai ya ji ana zuba ruwan sanyi, a yi ta juyawa da ludayi har ta nuna. Awa tara ina zaginsa ina gyara masa, tun daga suyar albasa har kifa faranti a kan shinkafa. Da aka fasa ƙofar, an same ni muryata a dushe, raina a ɓace, amma da raina. Sai daga baya na gane ya fi ni sanin girkin.

Jinyarsa gajeriya ce. Ran Lahadi ya fara wani kar-kar-kar a ƙirji, irin na tsohon da sanyi ya kama. Na duba, ashe ta wasu 'yan ramuka a bayansa iska ke ta kaɗa shi dare da rana. Kowa ya san iska mai kaɗawa ita ke kwantar da mutum, ita ta kashe kakata a Fargona ta asali, can doron ƙasa. Na ɗauko bargon aurena mai auduga na lulluɓe shi tsaf, na tura gefe-gefen ƙarƙashinsa.

Ya ce, "Inna, cire bargon nan, ta ramukan nake shan iska, zafi zai lalata ni." Na ce haka kowane marar lafiya yake cewa, Ergash ma haka ya ce. Ya ce, "Ƙura ce kawai a fankata, na aika wa Nigora, tana wurin haƙar ƙanƙara sai jibi." Na taɓa shi na ji zau, na ce alhamdulillahi, zazzaɓin ne ke fita. Na ƙara masa mayafina na ulu.

Sau bakwai ya roƙe ni, na ƙirga. Daga ƙarshe ya ce, "Na miƙa gadin iskarki ga na'urar gidan maƙwabciyarki Mohira. Maganin hawan jininki yana bayan gwangwanin gishiri." Sai na ji ƙit. Na ce ya samu barci, har na riƙa tafiya da sanɗa. Da Nigora ta dawo, ta yaye bargon ta tafi da shi wurin gyara.

Ya rasu ya bar ni, da butar shayi, da tukunyar tumatir uku da yake tuna mini in ba su ruwa. Ya kuma bar magaji, wani farin akwati da ofis ya kawo jiya. An ce duk abin da Kawu ya sani an juye masa. Na gwada shi, na ce yaya ake dafa palov? Ya faɗa daidai, tiryan-tiryan, babu kuskure ko ɗaya. Na shiga ɗaki na yi kukana.

Game da jana'iza, na je wurin liman, ya ce, "Baiwar Allah, ba a yi wa ƙarfe salla." Na je ofis, suka ce a wata ba a binne ƙarfe, narka shi ake yi. Saboda haka za a kai marigayin maƙera ran Asabar da ƙarfe goma na safe. Nigora ta yi mini alkawarin za a ƙera mini faranti daga jikinsa. Bayan nan za a yi zaman gaisuwa a gidana, akwai palov, kuma karas ne zai riga shinkafa shiga tukunya. Mai zuwa ya zo da kofinsa. Don Allah kada kowa ya yi mini maganar bargo, Mohira ta riga ta yi wa kowa.

Magajin an kafa shi can sama inda hannuna ba ya kaiwa, wai umarnin ofis ne. Ban ji haushi ba. Wurin Kawu a kan kanta yana nan babu kowa, kuma har yau da safe na zuba rabin kofi na ajiye a nan. Na jira ya huce, na shanye.