Ranar da Na Kankare Watan Baba

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na yaye zani daga kan akwatin Baba ba, a gaban ɗalibai mata cike da zaure, ina ta murmushi kamar wadda ta ci gasar girki. Ko yanzu in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi. Amma bari in faro daga farko, kada ku ce wautar tawa ba ta da dalili.

Baba shi ne mahaifin maigidana. Wata bakwai kacal na yi a gidan aure Allah ya karɓi abinsa, don haka ban san shi sosai ba. A ƙuruciyarsa shi ne mai fitila a wata ƙungiyar wasan kwaikwayo a nan Minna, tun zamanin da mutane ke cika zaure su kalli wasa ido da ido. Shi ba ya hawa dandamali. Yana can baya zaune gaban wani akwatin ƙarfe, in ya tura hannu sama gari ya waye wa 'yan wasa, in ya ja ƙasa magariba ta yi. Da ƙungiyar ta watse ya ɗauko akwatin ya kawo gida. Da ya rasu kuma akwatin ya biyo ɗansa har ɗakinmu a Maitumbi, ciki da falo.

Girmansa ya kai keken ɗinki da teburinsa, nauyi kuwa sai ƙarti uku. A samansa akwai hannuwa goma sha biyu a jere, kowanne da ɗan dunƙulallen kai baƙi. Gefen kowane hannu an manna filasta irin ta asibiti, wata kan wata, duk ta yi baƙi da dauɗar hannu, an yi mata 'yan zane-zane da biro. Daidai gaban tabarmar da nake zama in shayar da 'yata Hanifa yake. Shekara ɗaya da rabi ina kallonsa, yana kallona.

Ni kuwa Allah ya yi ni da tsoro a kan yarinyar nan. (Ko barcin rana take yi sai na kara yatsa a hancinta na ji numfashi.) Da ta fara miƙewa tana dafa abubuwa, kullum gabana na faɗuwa, don kusurwoyin akwatin kamar wuƙa suke. Ranar da nake gudu kuwa ta zo: ta dafa, ta zame, goshi ya tsage. Ɗinki biyu aka yi mata. Da muka dawo na tare maigida tun bai cire takalmi ba.

"Baban Hanifa, ko dai akwatin nan ya fita, ko ni da 'yata mu koma kwana tsakar gida. Ga masu sayen gwangwan nan kullum suna wucewa."

"Su fasa shi da guduma su ɗora a sikeli? Ina raye?"

Ya dubi bandejin goshin yarinyar. Can ya ce, "Ki ba ni zuwa ƙarshen wata. In ban sami wanda zai riƙe shi ba, ki kira su. Amma ki bari sai ranar da ba na gida."

Haka ya dinga tashi daga rumfarsa ta hatsi a Kasuwar Kure yana yawon nema wa akwati gida. Mai kiɗan biki ya yi dariya ya ce shi da wayarsa yake juya fitila yanzu. Mai ɗakin taro ya ce wannan zai ƙona masa wayoyi. Saura kwana huɗu wata ya ƙare sai ga Baba Ishaya daga Wushishi. Aminin Baba ne, tare suka yi ƙungiya, shi kaɗai ya rage a cikinsu, ya koma noma. Shi ya haɗa maigida da Malama Asabe, mai koyar da wasan kwaikwayo a wata makarantar 'yan mata. Ta ce a kawo ranar Asabar. Abin da ba wanda ya gaya mini, ni ma kuma ban tambaya ba, shi ne dalilin da ya sa take son sa.

Ranar Juma'a maigida ya fita, na tsaya na ƙare wa akwatin kallo, sai kunya ta kama ni. Ni fa a aji huɗu na tsaya a firamare, kuma na lura 'yan boko suna da wani irin kallo, daga farcen mutum suke farawa. Gobe za a ajiye wannan baƙin abu a gaban malamai, a ce daga ɗakin wa ya fito? A ce matar gidan ƙazama ce. Innata ta hore mu cewa ko kwano ka aro a maƙwabta, sai ya fi yadda ya zo haske kafin ka mayar.

Na goya Hanifa, na ɗauko wuƙa da kananzir da soson ƙarfe. Filastar nan ta yi gardama, wallahi kamar ta san abin da nake yi. Na kankare ta sama, sai ga wata a ƙasa, na kankare, sai ga wata. A wani wurin har hawa biyar. Ban bar ko ɓurɓushi ba. Na goge da toka, na bi da ɗan man gyaɗa a tsumma, har ina hango fuskata a jikin ƙarfen. Tarin filastar kuwa da ya jiƙe da kananzir, na ce ba za a yi asara ba, na hura gawayi da shi na dafa mana wake da shinkafa. (Wutar ta kama da kyau, wannan kam ba zan ɓoye ba.) Sannan na lulluɓe akwatin da zanina mafi kyau, na ɗaure da igiya. Da maigida ya dawo na ce saboda ƙura ne, kada ya buɗe. So nake ya gani a gaban mutane, ya san irin matar da ya aura.

Washegari da hantsi aka cusa shi a napep da ƙyar, muka tafi. A zauren makarantar aka ɗora shi kan tebur, ɗalibai suka kewaye. Baba Ishaya ya sha babbar riga, sai murza hannu yake yi. Malama Asabe ta ce, "Maman Hanifa, tunda ke kika lulluɓe, ke za ki buɗe mana."

Na gyara goyo, na kwance igiya, na yaye zani. Har da cewa, "Na ɗan gyara shi."

Akwati ya ɗau ido. Na jira a ce kai, madalla. Baba Ishaya ya matso ya sa tabarau, ya shafa gefen hannu na farko, ya shafa na biyu, ya leƙa baya, ya leƙa ƙasa kamar mai neman allura.

"'Yata," ya ce, "ina filastar?"

A nan ne ya kamata in gane. Amma ina, ni a zatona yabo ne ke tafe.

"Ai Baba duk na cire. Ba ka ga wahalar da na sha ba, hawa-hawa take."

"To, to. Kin ajiye a gida ke nan."

"A'a, na hura gawayi da ita."

Wata ɗaliba ta ce "Kai!" ta toshe baki. Baba Ishaya ya laluba kujera ya zauna. Maigidana kuwa ya kafa wa silin ido.

Malama Asabe ce ta yi mini bayani, a hankali, irin yadda ake yi wa mara lafiya (da ta zage ni da ya fi mini sauƙi). Ashe marigayi Baba bai yi boko ba, bai iya rubuta takarda ba. Duk wasan da za su yi, sai ya manna sabuwar filasta gefen kowane hannu, ya zana alama, ya ja layi daidai inda hannun zai tsaya. Kowane hawa wasa guda ne. Abin da na kira dauɗa, shi ne littafinsa na shekara da shekaru. Shi ta so ta ɓare a hankali ta nuna wa ɗalibanta, su ga yadda mutum ke tsara haske da idonsa da yatsunsa.

"Gaskiya da zanen na roƙi shugabar makaranta ta ba mu wuri," ta ce. "Yanzu in ta tambaye ni me za a koya a jikinsa, ban san me zan ce ba."

Na gane maganar sarai. Za mu mayar da shi napep, jibi wata ya ƙare, masu guduma su zo. Kuma ni na jawo, da wuƙata. Na ji kamar in nutse cikin siminti. Ina tsaye da zani a hannu, ga warin kananzir da man gyaɗa ya cika zaure, kowa ya san daga ina yake.

Baba Ishaya ya yi magana, ba da kowa ba. "Ko zanen farin wata ne ya rage. Mutumin nan ya iya hasken wata."

Bakina ya riga hankalina. "Watan a na bakwai yake."

Duk suka juyo.

"Na bakwai daga hagu. Jinjirin wata ne, bakinsa na kallon sama. Layinsa yatsa uku daga ƙasa."

"Ya aka yi kika sani?" in ji Malama.

To, a nan kunya ta biyu ta zo, don babu yadda zan amsa sai da tona wa kaina asiri. Na sunkuyar da kai na ce, "A nan nake rataye hular Hanifa."

Zaure ya fashe da dariya. Tunda mutunci ya riga ya zube, sai na ƙarasa. Na ce na biyu rana ce mai ƙafafu, layinta can sama, nan nake shanya safa. Na huɗu tukunya ce da layi biyu, nan ne wurin tsumman goge baki. Na tara fitilar ƙwai, na goma ido a rufe. Na sha ɗaya ban san ko mene ne ba, ya yi kama da kaza ya yi kama da buta, shi ya sa ba na rataye komai a kansa.

"Zakara ne!" Baba Ishaya ya miƙe tsaye. "Asuba ke nan! Bai taɓa iya zana zakara ba, mun yi ta yi masa tsiya. Shekara nawa ina ce masa wannan buta ce!" Yana dariya yana goge ido da hannun riga.

Malama ta aika aka kawo sabuwar filasta daga ɗakin shan magani, ta miƙo mini biro. Ni da rabona da biro tun ranar da na rubuta suna a katin awo. Na zana su ɗaya bayan ɗaya, ina auna layi da yatsuna, Baba Ishaya na faɗin abin da kowanne ke nufi, ɗalibai na rubutawa. Tara na tuna. Uku sun ɓace mini, kuma ban yarda na ƙirƙira ba. Na ƙasa kuwa, hawa huɗun nan da ban taɓa gani ba sai a bakin wuƙa, sun tafi ke nan har abada.

Mai gyaran wutar makarantar ya duba wayoyi, ya haɗa akwatin da wata tsohuwar fitila mai shuɗin gilashi, aka rufe tagogi. Baba Ishaya ya ce ni zan tura. Na kama na bakwai na kai shi kan layina. Wani haske mai sanyi ya sauka a dandamali, ba duhu ba, ba kuma haske sosai ba, irin wanda za ka gane mutum amma ba za ka ga ƙwayar idonsa ba. Hanifa ta leƙo ta kafaɗata ta yi tsit.

"Shi ne," in ji Baba Ishaya a hankali. "Kar ki ƙara, kar ki rage."

Malama ta ce a bar akwatin, ita ta san abin da za ta faɗa wa shugaba.

A napep maigida ya juya yana ta kallon titi har muka kusa gida. Ni dai ina ta murza bakin mayafi. Sai da muka shiga kwanar layinmu ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Wato waken jiya da littafin babana kika dafa shi."

"Ka yi haƙuri, Baban Hanifa."

"Har ƙari na yi," ya ce. Ya girgiza kai. "Ni na girma da akwatin nan, ban taɓa lura akwai wata a jiki ba."

Ban san ko yafiya ce ba, amma na karɓe ta a haka.

Yanzu Hanifa na gudunta a falo ba abin da zai tsaga mata goshi, hularta kuma ta koma kan ƙusa. Ni kuwa na koyi tambaya kafin in ɗau soso. Kwanan baya Malama ta gayyace mu kallon wasan ɗalibanta, na zaga baya na gaida akwati. Sun manna tasu filastar a kan tawa, har ta fara baƙi da yatsunsu, ga wani maiƙo-maiƙo a gefen zakara. Akwai tsumma a jakata, kullum akwai. Sai na koma kujerata, na tura hannuwana biyu ƙarƙashin cinya, na danne su har aka tashi.