Ranar da Babbar Rigata Ta Tare Jirgi

Ba zan taɓa mantawa da wata Lahadi a garin Greensboro na Amurka ba, ranar da tarbiyyar da iyayena suka sha wahala suka ba ni ta ja mini kunyar da har yau in na tuna sai na ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Ni ɗan Kafanchan ne, a kwatas ɗin 'yan reluwe aka haife ni, babana mai gyaran layin dogo ne. Shi ya sa da na fara aiki a wani babban sito a nan, na ga wani dattijon Bature, Mista Harold, yana kallon hotunan jiragen kaya a waya lokacin cin abinci, bakina ya kasa shiru. Na ce masa ai ni a cikin jirgi na girma. (A gefensa dai na girma. Amma mutum in ya zo ƙasar wasu yakan ɗan ƙara wa tarihinsa gishiri.)

Daga nan muka shaƙu. Ashe shi da abokansa ba su da abin sha'awa sai tsayawa bakin layi suna ɗaukar hoton jirgi. Ba ma na fasinja ba, na kaya, mai jan kwal da katako. A garinmu in aka ga mai furfura yana bin jirgi da kyamara, iyalinsa za a fara yi wa jaje.

Wata rana ya same ni fuskarsa cike da murna. Ya ce akwai wani kan jirgi da aka yi wa koren fenti irin na zamanin da, zai ratsa gari ranar Lahadi, kuma in ya wuce ba wanda ya san ranar dawowarsa. Yayansa Walter irinsu ya tuƙa har ya yi ritaya. Yanzu yana gidan kula da tsofaffi a Summerfield, ƙafafu sun daina ɗaukarsa, jikin kuma kullum baya yake yi. Harold ya yi masa alkawarin bidiyon koren kan nan, da kukansa, ya gani tun yana da sauran ido.

"Ka zo," in ji shi. "Kai ɗan gida ne a harkar nan."

Lahadin ta faɗo daidai da bikin godiyar kaka a cocinmu, na sha farar babbar riga wadda matata Rifkatu ta dafka wa sitati. Da aka tashi ta dube ni sama da ƙasa.

"Baban Joy, ka je gida ka yi changing tukuna mana."

"Na riga na makara. Kallo zan yi, ba hawa ba."

"To, kai ka sani."

Wurin yana bayan masu sayar da motoci na titin Gate City Boulevard, inda layin ke shan kwana ya fito daga cikin itatuwa. Na tarar da su Harold sun jeru a sahu ɗaya, kafaɗa da kafaɗa, kowa da kyamararsa a kan sanda mai ƙafa uku, wani ma a kan ɗan tsani. Ko tari ba mai yi. Sai daga baya na san ƙa'idarsu ce: ana jeruwa don kada wani ya faɗa hoton wani, ana yin shiru don bidiyo ya kama ƙarar inji kaɗai, wanda ya makara kuma ta baya yake lallaɓowa. Harold bai faɗa mini ba, tunda ya ɗauka ɗan reluwe ya san komai.

Ni kuwa abin da idona ya gani shi ne dattawa a jere, ga ni na zo a makare. In zagaya ta bayansu kamar ɓarawon kaji? Ba haka aka rene ni ba. Ba a gaida babba ta ƙeya. Sai na gyara zaman rigata a kafaɗa, na shiga ta gabansu, na fara daga na farko.

Na miƙa hannu biyu, na ɗan rusuna, na tambaye shi gida da iyali. Ya ba ni 'yan yatsu, idonsa na can bayana. Na ce a raina Turawa dai sai a hankali, na matsa ga na biyu. Can ƙarshen sahu na hango Harold yana ta kaɗa mini hannu da ƙarfi. Na ji daɗi ƙwarai, na ɗaga masa nawa, wato ya yi haƙuri ina tafe, bi da bi ne.

Ina tsakiyar sahu ƙasa ta fara rawa a ƙarƙashin takalmina, jirgi ya saki kuka. Da a nan na durƙusa, da abin ya zo da sauƙi. Amma ina juyawa na ga kan nan ya ɓullo daga kwana, sai yarintata ta dawo gaba ɗaya. Na ɗaga hannuwa biyu sama, hannayen riga suka baje kamar zanen gado a igiyar shanya, na buɗe murya da Hausa irin yadda muke yi muna yara: "Direba, a sauka lafiya!"

Direban ma ya ɗago mini hannu. Kafin in sauke nawa, koren kan ya wuce, saura taragai baƙaƙe suna ta bin juna.

Na juyo da murmushina, na tarar da fuskoki a murtuke. Ba wanda ya zage ni, kuma da zagin aka yi da ya fi mini sauƙi. Mai tsani ya sauko a hankali ya fara naɗe kayansa. Harold ya zo ya nuna mini bidiyon: farar riga ta cika ko'ina, ɗan kore yana leƙowa ta ƙarƙashin hammatata, muryata ta danne kukan jirgi. Sai a lokacin na tuna da Walter. Na ji baƙin ciki na gaske, don abin da na ɓata ba na biya ba ne.

Satin nan a wurin aiki ta bayan tulin kwalaye na riƙa bi. Rifkatu kuwa ta samu abin yi, in na shigo falo sai ta ce wa yara su matsa jirgi zai wuce.

Ranar Juma'a Harold ya tare ni. Ya ce ya kai wa yayansa bidiyon a haka, tunda babu wani. Walter ya kalla, ya sa aka maimaita, sannan ya tambaya ko mutumin nan ya samu ya gama gaida kowa. Da aka ce masa a'a, sai ya ce to a kawo shi ya ƙarasa, kuma da rigar.

Na je da rigar. Na same shi a keken guragu gefen taga, ya rame sosai. Na rusuna na miƙa hannu biyu, na fara jero ban-haƙuri. Ya riƙe hannuna, ya leƙa bayana da kyau, ya ce, "Yi gaisuwarka a tsanake. Yau ba abin da ke tahowa."

Koren kan bai sake biyowa ba har Walter ya rasu. Har yanzu ina zuwa bakin layi wani lokaci, da ƙaramar riga, in tsaya can baya, hannuwana a aljihu. Gaisuwa dai ban daina ba, sai dai na koyi bari tarago na ƙarshe ya wuce tukuna.