Modem Ɗin Yaya Bala

Ba zan taɓa mantawa da safiyar nan ba. Ina shagona a Barkin Sale ina auna wa wani magini ƙusa, sai waya ta yi ƙara. Muryar matar yayana ce, Anti Jummai, daga asibiti. Ba ta yi doguwar magana ba. Ta ce, "Baffansu, Yaya ya cika." Na ƙarasa auna ƙusar, na ɗaure, na miƙa wa mai ita, sannan na zauna a kan buhun siminti. Har yau ban san dalilin da ya sa sai da na ƙarasa awon ba.

Aka yi jana'iza bayan azahar. Kowa ya samu zuwa ban da 'yar'uwarmu Rabi, wadda ke zaune a Jidda da mijinta. Ta yi kuka a waya har muryarta ta dushe. Abu ɗaya ta roƙa: ranar addu'ar uku a haɗa ta ta bidiyo, ta ga Inna, ta ga malamai, ta ce amin tare da mu. Inna, mahaifiyarmu, ta dube ni ta ce, "Auta, za ka iya?"

Na ce, "Haba Inna, wannan ai ƙaramin abu ne."

(Ni kuwa ban taɓa taɓa modem ɗin nan ba. Yaya Bala ne ya sayo shi saboda sabis ba ya shiga gidanmu na Tudun Wada yadda ya kamata, shi ke sa masa data, shi ke lallaɓa shi. Nawa aikin in zo in zauna in ci bulus.)

Ranar uku tun da hantsi aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Na shiga ɗakin Yaya na ɗauko modem ɗin daga saman sif, baƙi, mai ƙaho biyu. Na jona. Fitila ɗaya ta kawo kore, ɗaya ta kawo ja. Na tuna Yaya kan ce a kashe a kunna, na kashe na kunna. Ja. Na canza soket. Ja. Na miƙe ƙahonin, na karkata su, na buɗe su kamar na saniya. Na kai shi bakin taga. Na hura bayansa kamar mai hura wuta. Wayata tana nuna ta kama modem ɗin sarai, amma ko gaisuwa ba ta fita. Saƙon Rabi kuwa ta layin kira yake shigowa: "An fara? Auta, an fara?"

Ban iya zama ba, ban iya tsayuwa ba. Ina cikin haka aka ɗauke wuta. Na ruga na aro batirin cajin waya, na ɗaura shi a jikin modem ɗin da kyauro, na fito da shi waje.

A bakin zaure na yi karo da Mista Yohanna, abokin aikin Yaya, tare suke tuƙa motar ɗalibai zuwa jami'a a Gidan Kwano. Ya dubi abin da ke hannuna ya ce, "Ƙanina, bari wahala. Waya na yana da data, in ka tsaya ta wajen titi yana kamawa. Kira ta da shi."

Na ce masa na gode, amma namu ya fi ƙarfi, yanzu zai kawo. Wallahi haka na ce. Ina ganin a lokacin ji nake in na karɓi wayar wani, kamar na yarda Yaya ya tafi da komai nasa ke nan.

Na taɓa jin an ce in abin ya ƙi, akwai wani ɗan rami a bayansa da ake sokawa. Na zari tsinken tsintsiya na soka, na danne. Fitilun suka mutu gaba ɗaya, suka dawo. Na duba waya, sai na ga sunan ya ɓace. Yaya ya sa wa sabis ɗinsa suna "Ku Yi Sallama Tukuna", saboda samarin layinmu masu zama a gindin katanga suna laluben na banza. Yanzu babu shi, sai wasu haruffa da lambobi na kamfani. Na tsaya ina kallon wayar. Fitilar nan kuma tana nan ja.

Malamai sun riga sun zauna, an fara raba goro da dabino. Sai na ce a raina matsalar tsawo ce. Na ɗaga modem ɗin sama da hannu biyu, na shiga tsakanin tabarmi ina takawa a hankali, fuskata a sama ina leƙen fitilar daga ƙasa. Ban san bakina yana motsi ba. Ashe a fili nake cewa, "Ya Allah ka kawo. Ya Allah ka buɗe. Ya Rabbi ko ɗaya ne, ka ba mu."

Wani dattijo da idonsa ba ya gani sosai ya hangi ƙanin mamaci a tsaye, hannuwa a sama, yana kiran Allah. Ya ɗaga nasa ya ce, "Amin." Na kusa da shi suka ɗauka. Kafin in ankara sahu guda ya amsa, har da mata daga cikin gida.

Na ce, "Ya Allah ka mayar da ita koriya."

Aka ce, "Amin!"

Sai Liman ya sauke hannunsa, ya gyara tabarau, ya ce, "Malam, wace ce za ta koma koriya?"

Na sauke modem ɗin, batiri yana reto a jikinsa. Wani ya yi tari don ya ɓoye dariya, bai ɓoyu ba. Mutane suka sunkuyar da kai, kafaɗu suna rawa, a zaman makokin yayana. Liman, Allah ya saka masa, ya ce, "To, Allah ya ba kowa abin da yake nema. Mu yi wa mamaci tasa." Aka fara addu'a. Na shige gida ban waiwaya ba.

Anti Jummai tana ɗakinta cikin takaba. Ta bayan labule ta ce, "Baffansu, me ake yi wa dariya a waje?" Na gaya mata. Ta ce, "Ka buɗe gefensa ka duba?"

Na zare ɗan murfin. Gurbin layi wayam.

Ta ce, "Ranar da za a kwantar da shi ya cire layin ya sa a wayarsa. Ya ce datar wata ce, ba zai bar muku ku cinye yana kwance ba." Ban sani ba ko dariya take ko kuka. "Wayar tana cikin jakar da muka dawo da ita daga asibiti. Ni ban iya buɗewa ba."

Jakar tana jingine a bayan ƙofa. Na dube ta. A waje na ji an shafa fatiha.

Da wayar Mista Yohanna na kira Rabi daga ƙarshe, a bakin titi, inda ya ce tun farko. Inna ta lulluɓa ta fito har can. Abin da Rabi ta gani shi ne fuskar Inna da mutane suna naɗe tabarmi. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Cewa kawai ta yi, "Ba komai, Auta. Allah ya karɓa." Da Inna ta ba ta labarin koriya, ta yi dariya har ta koma kuka.

Abin da na koya bai da yawa. Kafin ka ɗaga abu sama ka tara wa jama'a amin, fara buɗe shi ka ga ko akwai layi a ciki. In kuma mutum ya miƙo maka wayarsa, karɓa.

Na yi wa Rabi alkawarin ranar arba'in za ta ga komai daga farko har ƙarshe. Na san sayen sabon layi ba wuya, kullum ina wuce masu sayarwa a hanyar shago. Arba'in ta matso, ban saya ba, jakar kuma ban buɗe ta ba.