Ranar da Duk Garinmu Ya Hau Dandamali

"Ni fa in na haɗa wasa, ko makaho sai ya kare idonsa saboda walƙiya!"

Don Nicanor Barragán ke nan, a shagon aski, rabin fuskarsa kumfa, yana yi mana wa'azi. Wata uku kacal ya yi a babban birnin Meziko, ya dawo garinmu San Rufino da gyale a wuya da sabon suna, wai Darakta. Ɗan'uwan matata ya rantse cewa a ƙofar wani gidan wasa na birnin ya gan shi yana tallar gyaɗa, amma wa zai tsaya musu da mai gyale?

Ni Tiburcio, shekara ashirin da biyu ina jan labulen gidan wasan garinmu. Duk bikin shekara wasa ɗaya muke yi: mai burodi yana son mai wanki, mutum shida, jita ɗaya, waƙa huɗu. Doña Eulalia ke rera ta ƙarshe, tsofaffi su share hawaye, a watse a ci tamale, wato dafaffen ƙullin masara. Sai dai 'yan kallo sun yi ta raguwa, har Don Fulgencio shugaban gari ya yanke hukunci: ranar Lahadin biki zai zo da kansa, in kujeru ɗari biyun nan ba su cika ba, gidan wasa ya zama rumbun masara. Maganar ta hana ni cin abinci kwana biyu, don ban san wani aiki ba sai labulen nan.

Nan Darakta ya karɓi ragama.

"Mutum shida? Wasa ne ko zaman makoki? Ku saurara, jahilai. Duk wanda ya hau dandamali, danginsa za su zo kallonsa. Ƙara 'yan wasa, kujeru su cika. Lissafin birni ke nan."

Gaskiya da farko ni ma na gyaɗa kai. Ya zuba 'yan mata talatin su yi rawar kumfar sabulu. Washegari iyayen waɗanda ba a ɗauka ba suka yi masa tsinke.

"Don Nicanor, 'yar Casimira mai ƙafa kamar muciya ta samu rawa, tawa ba ta samu ba?"

"Haba uwar ɗakina, wa ya ce? 'Yarki ita ce tauraruwar asuba!"

Taurari suka kai arba'in. Iyaye mata suka riƙa zuwa ɗaura wa 'ya'yansu kaya, ya dube su ya ce jikinsu ya dace da gajimare, aka naɗe su da auduga. Mai burodi kuma wai bai kamata ya shigo da ƙafa ba, sai a kan doki. Doki na buƙatar mai riƙewa, mai riƙewa na buƙatar kaya masu ƙyalli. Sai ga jirgin ruwa na katako, a garin da ko kogi ba mu da shi, maza goma sha biyu a ƙarƙashi suna turawa.

Doña Eulalia ta ce, "Nicanor, na san ka tun kana fitsarin kwance. Me jirgi ke yi a gidan burodi?"

"Alama ce, Doña. Ba za ki gane ba."

"To waƙata fa?"

"Za ki rera ta zaune a cikin farin wata na katako, a sama, igiya na lilo da ke, makaɗa goma sha takwas na busa a ƙasa, hayaƙi na tashi."

"Wa zai ji ni?"

"Ji? A birni ba a jin waƙa, ganinta ake yi!"

Igiya ta ci maza takwas. Hayaƙi ya ci mata shida masu fifita garwashi. Tsofaffin gari ya mai da su mala'iku, mai gadin ƙofa ya zama bishiya, matar Don Fulgencio kanta aka ɗora mata kambi ta zama Sarauniyar Alkama. Na ja shi gefe na ce, "Darakta, anya akwai wanda ya rage a gari?"

"Kai dai ja labule, Tiburcio. Tunani aikin manya ne."

Lahadi da la'asar, bayan labule ba wurin sa ƙafa. Gajimare na taka mala'iku, doki na cin bishiya. Darakta ya ɗaga hannu kamar mai tsai da rana, ya ce, "Buɗe!"

Na ja. Ni na fara gani. Kujeru ɗari biyu reras, Don Fulgencio shi kaɗai a tsakiya, hularsa a kan cinya.

Aka yi wasan, ba fashi. Awa huɗu. Jirgi ya bi ta kan ƙafar mai burodi, hayaƙi ya sa taurari tari, Doña Eulalia na can sama tana wangale baki, ba wanda ya san waƙa take ko ihun a sauke ta. Da aka gama Don Fulgencio bai tafa ba, ba kuma wani da ya rage ya tafa, sai 'yan wasa suka tafa wa kansu.

Don Fulgencio ya tashi a hankali, ya hau dandamali, ya dira dunduniya a katako sau uku. Darakta ya tare shi, ƙirji a gaba.

"Ranka ya daɗe, ka taɓa ganin irinsa?"

"Ban taɓa ba. Mutum ɗari uku, doki, jirgi, katakon nan ko ƙara bai yi ba. Dama tsorona ke nan, kada ya karye da buhuna. Ka cire mini shakka."

"Amma ranka ya daɗe, fasahar fa..."

"Na gan ta. Gobe da safe motocin masara za su iso. Tun da Allah ya ba ka baiwar cusa kaya a ƙaramin wuri, Nicanor, kai za ka jera buhunan."